Hutun Buaban

Buaban ta ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon hawa motar, ta tsaya, ta ƙi ƙarasawa.

"Haba Yaya," in ji Baba, yana shafa mata kunne. "Shekara talatin kina ɗaukar ƙattin Turawa a bayanki, yau da za a ɗauke ki ne za ki yi mana yanga?"

Yaya yake ce mata, domin ta girme shi da shekara huɗu. Giwar kakana ce.

Ni na jawo wannan tafiya. Tunda na gama sakandare ba ni da aiki sai bin su a kufan Ayutthaya, tsakanin jajayen tubala da gumakan Buddha marasa kai, ina kallon kwalta mai zafi tana cinye mata tafin ƙafa. Kujerar baƙi ta yi mata kanta a gadon baya. Wata rana na ga wani wuri a waya, can arewa: kogi, ciyawa, babu kujera. Gidan hutun tsofaffin giwaye, kuma suna ɗaukar giwa tare da mai kiwonta. Wata biyu ina yi wa Baba naci kafin ya yarda.

Sai da ya ba ta curin tsamiya da gishiri sannan ta hau.

*

Yini guda muka yi a hanya. A baya muka zauna, kusa da ƙafafunta, Baba yana cin shinkafa mai danƙo yana nuna mata garuruwa.

"Ga Nakhon Sawan, Yaya. Nan na fara ganin uwar wannan miskilin. Kina wurin, kada ki musa."

"Baba, giwa ba ta jin hirar soyayya."

"Ta fi ka ji, Tui. Kai ko budurwa ba ka da ita."

Rabon da in ji ya yi dariya irin ta ranar, na manta.

*

Manajan wurin, Khun Wirat, mutum ne mai fara'a da farar riga. Idonsa ya sauka kan ƙugiyar da ke kafaɗar Baba.

"Kawu, wannan a ajiye ta a ɗaki. Baƙi ba sa son gani."

"Ta mahaifina ce. Ba dukanta nake yi da ita ba, ranka ya daɗe. Ganinta kawai take yi, ta san ina kusa."

"Na sani, Kawu." Ya ciro ƙusa daga aljihu, gajera, an wasa bakinta, ya miƙa wa Baba. "Kowa a nan da tasa. A ɓoye ta cikin tafin hannu, a danna a bayan kunnen giwa. Ba ta fita a hoto."

Baba ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Babu kujera, gaskiya ne. Wanka ne. Motar baƙi biyar a rana, kowace da nata: su shafa mata taɓo, su kai ta kogi, ta kwanta su wanke. Giwa takan watsa wa jikinta ƙasa saboda rana da ƙwari; da ta watsa, sai wasu su zo su wanke suna dariya, suna ce mata kyakkyawa. Ba mugunta suke yi ba. Har kuka na ga wata ta yi tana rungume da hancin Buaban. Cikin mako uku fatarta ta tsattsage, gwiwoyinta suka kumbura.

"Mu koma, Baba," na ce.

"Mu koma ina? Kan kwalta?"

*

Ranar wata Laraba, a wanka na huɗu, Buaban ta shiga ruwa ta tsaya ƙyam. Baba ya ce ta kwanta. Ta ƙi. Baƙi suna jira da ƙananan bokitai.

Khun Wirat ya sauko bakin kogin, murmushinsa bai gushe ba.

"Kawu, in ba za ka iya ba, akwai samarin da za su iya. Sai in ba su ita daga gobe."

Na san samarin. Na ga bayan kunnuwan giwayensu.

Baba ya sa hannu a aljihu, ya dunƙule. Ya kai dunƙulen bayan kunnenta ya danna da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi, yadda manaja zai gani sarai.

"Yi haƙuri, Yaya," na ji yana cewa ƙasa-ƙasa. "Wannan ɗaya. Don ni."

Ta daɗe tsaye. Sannan ta karya gwiwa a hankali, ta kwanta. Baƙi suka yi tafi. Khun Wirat ya gyaɗa kai ya juya.

Da na matsa kusa na duba bayan kunnenta, babu ko ƙwarzane. Jini kuwa yana bin gwiwar hannun Baba yana ɗiga cikin ruwa. Ashe cikin tafin hannunsa ya juya tsinin ƙusar.

Buaban ta ɗago hancinta daga ruwa tana laluben hannun. Ya ɓoye shi a bayansa.

"Ba komai, Yaya. Kwanta abinki."

A bakin ƙofa, mota ta biyar tana sauke mutane.