Gwadabe Ya Buɗe Famfo

Ummu Salma ce ta rubuta manhajar da ke raba ruwan burtsatse ga manoman rani a Gafasa, kuma tana ji da kanta a kan haka. Kowane manomi da ranarsa. Manhajar na rubuta duk abin da ya faru, amma babbar matsala kaɗai take turawa wayoyin manoma.

Wata Talata da hantsi, tana ɗakinta a Gaya, ta buɗe saitin manhajar don gwaji. Layi ɗaya ta canza: a tura komai. Ta sa sunan kawunta Gwadabe a saƙon gwaji na buɗe famfo, don shi ya fara faɗo mata a rai. A zatonta sai an kashe manhajar an sake kunna ta saitin zai kama. Gwanar ta manta cewa da hannunta ta sa manhajar ta riƙa karanta saiti tana cikin aiki.

Ranar kuwa ta Kashim ce, wanda albasarsa ta fara ƙonewa saboda ƙarancin ruwa. Wayarsa ta yi ƙara, ta sake, ta sake: "Gwadabe ya buɗe famfo."

Hansai matar kawun ce ta kira ta tana kuka, wai Kashim ya fita neman Gwadabe da fartanya. Ummu Salma ta hau acaɓa ko takalmi ba ta saka ba.

A bakin gona ta same su. Kashim da ƙannensa sun kai dattijon ƙasa, suna jibgarsa da ƙotar fartanya kamar masu sussukar dawa. Jini ya jiƙe masa gemu, hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ta faɗa kansa don ta kare shi, duka ɗaya ya sauka a kafaɗarta.

"Malam Kashim, ni ce! Gwaji nake yi, Kawu bai taɓa ruwanka ba."

"Inji ba ya ƙarya," in ji Kashim yana haki. "Ku janye ta."

Ya ɗaga ƙotar. Sai wayoyinsu suka yi ƙara a tare. Kwamfutarta na can Gaya a buɗe, gwajin bai tsaya ba.

Kashim ya karanta a fili, muryarsa na shaƙewa: "Gwadabe ya buɗe famfo."

Ya dubi dattijon da ke kwance a gabansa, ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Kunya ta rufe kowa, amma Ummu Salma ta fi su. Ta tallafo kan kawunta, wayar aljihunsa na ta ƙara.