Ƙidayar Famfon Layinmu

A shekarar 1978 aka sa ni cikin kwamitin ruwa na Zongo, ni Karimou mai awon ƙasa, tare da wata injiniya 'yar Bulgariya, Kamarad Elena, da Ramon ɗan Kuba, wanda ba ya kallon mutum sai ta gefen ido. Ƙa'idar a fili take: layin da ya kai mutum ɗari huɗu a kafa masa famfo, wanda bai kai ba ya ci gaba da shan rijiya mai gishiri. Suka hana ni ƙirga layinmu, wai kar in yi ƙari. Abin ya ƙona mini rai.

Elena ta bi gida gida da tafinta, ta dawo da ɗari uku da saba'in da ɗaya.

"Samari suke ɓoyewa, kar a kai su aikin ƙasa," in ji Ramon, yana hararata.

A layi kuma an riga an raɗa mini suna kunnen gwamnati. In na doso majalisa sai hira ta koma ta farashin goro. Gaba kura, baya siyaki.

Na karɓi takardar ƙidayar na nemi gidanmu. An rubuta mahaifiyata Bibata, 'ya'ya huɗu. Mu biyar ne, ni ne babba.

Na ce da Elena, "Kamarad, mace a nan ba ta ƙirga ɗan farinta, ba ta kiran sunansa. Kunya ce."

Na ɗauka dariya za ta yi. Sai ta rufe littafinta ta ce, "To wa ya kamata in tambaya?"

"Goggonni da kakanni."

Washegari ta ɗaura ɗankwali, ta tuɓe takalmi, ta zauna a tabarma. Duk da haka kowa cikin tsofaffin na jiran wani ya fara. Sai na karɓi biro a gabansu, na rubuta sunana a ƙarƙashin na mahaifiyata. Daga nan baki ya buɗe, muka tashi da ɗari huɗu da sha biyu.

Na shiga gida ina murna. Inna ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce da ƙanwata, "Fourera, ki faɗa wa wancan, ruwa dai za mu sha. Amma shekara talatin ina ɓoyon abina, yau ya miƙa wa gwamnati kansa da hannunsa."