Gidajen Ƙasan Zane

A ofishin ƙididdiga Madam Tambaya ake kiranta, don bakinta bai san nauyi ba. Sai ta shiga gidan mutum ta tambaye shi abin da yake samu a wata, ta tambayi matarsa, har ta leƙa ta ga ko da firji. Aikin ke nan. Gidajen da ƙuri'a ta faɗa wa tun farko, su ake komawa duk bayan 'yan shekaru, a ga ko tazarar masu shi da marasa shi tana buɗewa ko tana rufewa.

To, rufewa take yi. A bangon ɗakin taro aka manna zanen, kowane gida ɗigo ɗaya, masu hali a sama, talakawa a ƙasa. Shugaban sashe kan tsaya gabansa yana shafa tumbi, sai ka ce shi ya ciyar da garin. Ita kuwa zanen nan tsoro yake ba ta, don ita ce mai taka ƙasa.

A zagayen da ya wuce ta je neman wani mai gyaran takalma, ɗakinsa ɗaya tsakanin shagon tela da wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Ta tarar da shagon manne da gidan. Ba rusau, ba sabon siminti, fentin ma duk ya koɗe. Telan ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Baiwar Allah, a nan na yi furfura, ban taɓa maƙwabtaka da mai takalma ba." Kuma ba wasa a fuskarsa. Haka aka yi da gidan wata mai wankau, haka da na wani tsohon maigadi, duk 'yan ƙasan zane. Wa za ta gaya wa, a ce ta zautu?

Abin da ta ɓoye wa ofis shi ne, gidan yayarta yana cikin waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa. Mijin Yaya ya rasu ya bar ta da yara uku da tsohon firji, da shi take sayar da ƙanƙara. Duk gidan da ya ɓace, sai ɗigon Yaya ya ƙara zama na ƙarshe-ƙarshe.

A wannan zagayen, kafin ta kunna na'urar da ke naɗar amsoshi, ta kama hannun yayar. "Yaya, don Allah idan na tambaye ki abin da kike samu, ki ɗan ƙara."

"In yi ƙarya don zanenku ya yi kyau? Ke dai tun kina yarinya kike da iyayi. Kunna abinki, ƙanƙarata na narkewa."

Yaya ta faɗi gaskiyarta tsaf, na'ura ta naɗa. Madam Tambaya ta kashe na'urar ta fito.

Da aka kammala zagaye, wata safiya ta shiga ɗakin mai kwamfuta, mutumin da ke haɗa zanen. Yana kurɓar shayi, ya ja wani jan layi a can ƙasan allo.

"Me kake yi haka?"

"Shara. Waɗannan na ƙasa-ƙasan ɓata mana lissafi suke yi. Haba Madam, wa zai rayu a kan wannan ɗan abin? Ai kuskuren shigarwa ne. Kowane zagaye sai mun goge su."

Ashe ba ɓacewa suke yi sannan a goge su ba, goge su ake yi sannan su ɓace. Ɗigo ɗaya ne a ƙarƙashin jan layin, kuma ta san na wane ne. Kafin ta ce kada, ya danna.

"Dawo da shi! Don girman Allah dawo da shi!"

Ya dubi allon, ya dube ta. "In dawo da me?"

Ko jaka ba ta ɗauka ba. Ta tare tasi, ta sauka a bakin layin su Yaya, ta ƙarasa da gudu takalmi a hannu. Rana tsaka, yara na buga ƙwallo, mai kanti na kora ƙuda. Inda ƙofar Yaya take, bango ne shafe. Ta manna kunne. Can ciki, nesa ƙwarai, firjin yana gurnani, kuma wani yaro yana tari.

Ta daki bangon har tafinta ya fashe. Mai kanti ya taso ya ce, "Lafiya, Hajiya? Wa kike nema?"

Ba ta kula shi ba. Ta ciro waya ta kira mahaifiyarsu.

"Mama, Yaya ta zo wajenki?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Wace Yaya kuma? Ke da kike 'yar farina?"

"Mama, mai ƙanƙara fa. Mai yara uku."

Sai ta ji numfashin tsohuwar ya canza.

"Ban san wadda kike nufi ba," in ji Mama. "Amma ikon Allah, ga hawaye na zubo mini, ban san dalili ba."