Soket Ɗaya a Ɗakin Sivaprakasam

Da aka ɓalle ƙofar, wari ne ya fara tarbar mu, sannan kiɗan sarewa. Maƙwabcina Sivaprakasam yana zaune a kujerarsa, kansa ya karkace, ƙuda na yawo a kofin shayinsa.

Tun da ya bar aikin gyaran rediyo ba shi da abin yi sai ƙaramar na'urar da ke mayar da waƙar kwamfuta sauti. Ya ce sashenta na ƙarshe, inda sautin ke fita, ba shi da rai. Ya cire shi ya haɗa nasa da dalma da kwalaben wuta irin na tsohon rediyo. Shi da abokansa sun yarda cewa sabon haɗi ba ya daɗi sai an bar shi yana kiɗa ba tsayawa na makonni. Ya roƙe mu kada mu damu da ƙarar. Shi ya sa da muka ji sarewa jiya da yau, kowa ya ɗauka yana lafiya.

Na kira 'yarsa Kayalvizhi a Pune. "Malama, ku riƙe min shi," ta ce. "Ina so in ga fuskarsa."

A zafin Chennai, gawa ba ta jira. Likita ya zo ya tafi, muka ɗauko hayar akwatin sanyi mai murfin gilashi. Masu akwatin suka duba ɗakin, suka ce soket ɗaya ne zai iya ɗaukarsa, wanda na'urar ke ciki.

Dorairaj, babban abokin mamacin, ya tare gaban soket ɗin da hankici a hanci.

"A'a, ƙane, wannan kam ba za a taɓa ba. In ta huce, aikin ya koma farko."

"Yallabai, mutum ne ke lalacewa," in ji mai akwatin.

"A jawo wayar wuta daga gidan Malama mana." Ya juya ga wani abokin nasu. "Ilango, kana ji? Siririn sautin ya fara laushi. Na faɗa masa kayan haɗi na Rasha ne maganinta, ya yi min gardama."

"Kunnenka ne ya tsufa," Ilango ya ce, ya tsallake ƙafar mamacin don ya tsaya daidai tsakanin lasifikan. "Kakkauran sautin har yanzu a cushe yake."

Na koyar da yara shekaru masu yawa, na share amai da abin da ya fi amai, ban taɓa ganin irin wannan ba. Wayar wutar gidana ba za ta kai ba, kuma ban tsaya bayani ba.

"Yaya Dorairaj, matsa."

"Malama, shi da kansa ba zai yarda ba."

"Wataƙila. Amma ba shi ne ke cikin jirgi yana zuwa ba."

Na sunkuya na zare filogin. Sarewar ta yanke. Aka ɗaga Sivaprakasam da ƙyar, aka miƙar da abin da zai miƙu, aka sa shi ciki, aka jona akwatin ya kama gurnani. Abokan biyu suka fita baranda, ina jin su suna muhawarar wa ya fi cancanta da kwalaben.

Da la'asar Kayalvizhi ta iso da jakarta a kafaɗa. Gilashin ya yi raɓa. Ta kama bakin mayafinta ta goge wuri kaɗan daidai fuskar, ta tsaya tana kallo.