Shafi na Biyu na Wasiƙar Ridwanu

Tun da Juwairiyya ta buɗe shagon buga takardu a Agege ba ta taɓa jin tsoron kwamfutarta ba sai ranar Larabar nan. Can ta koma bakin ƙofa ta zauna, tana hararar ta kamar an ce mata da maciji a ciki.

Sati biyu da suka wuce yayanta Ridwanu, mahauci a mayankar Oko-Oba, ya zauna a bencin shagon yana faɗa tana rubutawa. Wasiƙa ce zuwa ga likitocin dabbobi a kan wani dillali, Alhaji Isiyaku, da ke shigo da shanu marasa lafiya ta bayan fage. Shafi biyu ce: na farko bayani, na biyu sunan Ridwanu da lambar wayarsa. Ta tura ta imel, aka zo aka kwashe shanun. Alhaji ya rantse sai ya san wanda ya rubuta, kuma ba wasa yake ba, don wani bawan Allah da aka zarga kawai yana kwance a asibiti da karyayyen haƙarƙari. Jiya kuma Ridwanu ya ji mutanen Alhaji suna maimaita wata jimlar wasiƙar, kalma bayan kalma. Ke nan wasiƙa ta fita, sunan ne dai bai kai gare su ba tukuna.

Da sassafe ta kira Nazir mai gyaran kwamfuta, da ɗan'uwanta Zayyanu, akawu a ofishin wani lauya, wanda tafiyarsa ma ta lauyoyi ce.

Nazir ya danna nan ya danna can, ya yi tsaki. "Anti, wannan manhajar taki ai ta tsufa tukuf. Masu ita sun daina toshe mata ɓaraka tun tuni. Sau nawa na ce ki yi update, ki ce data za ta ci? Yanzu ko ɗan koyo zai shigo ya karanta komai."

"Abeg, kada ka tsinka mata zuciya," in ji Zayyanu. "Akwai doka a ƙasar nan. Ba mai hurumin buɗe imel ɗin wani sai da izinin kotu. Wanda ya yi, ɗauri ne."

"Oga lauya, ɓarawo zai je kotu neman izini?"

"To ina hujjarka cewa an shigo?"

"Wanda ya iya ba ya barin sawu."

Haka suka yi ta ja, kowa da taurin kansa, har suka manta da wadda ta kira su. Ita kuwa ba doka take ji ba, ba ɓaraka ba, haƙarƙarin yayanta kawai take gani. Ta kira wayarsa ta ji ba ta shiga, ta ce wa kanta ai cikin mayanka ba a samun sabis.

Da musu ya ba su yunwa, Zayyanu ya ciro ƙosan da ya sayo a hanya daga jakarsa, ya warware takardar a kan tebur.

"Ci mana, Juwai. Na Tani ne, da zafinsa na saya."

Ta miƙa hannu don kada ta gwale shi, sai idonta ya sauka a kan takardar. Rasit ne na wata makaranta, layukan sun karkace. Ita ta buga shi. A take ta tuna al'adarta: duk takardar da firinta ta ɓata ba ta yar da ita, don uwarta ta hore ta da ƙin almubazzaranci. Tarawa take a kwali, duk Juma'a ta ba Tani ta naɗa ƙosai. Ranar da Ridwanu ya zo ta buga masa kwafi ya duba, tawada ta yi dabbare-dabbare, ta jefa shafukan biyu cikin kwalin ta sake bugawa.

Tani kuwa a ƙofar kara take suya, kasuwar shanun da mutanen Alhaji ke wuni.

"Innalillahi," kawai ta ce. Ta fita ko mayafi ba ta gyara ba, ta tare babur ɗin okada, ta bar su baki buɗe.

Ta tarar da Tani tana kankare kasko, ciniki ya ƙare.

"Inna Tani, takardun da na ba ki, ina sauran?"

"A'a, 'yar nan, lafiya kike haki haka? Ai yau suka ƙare."

"Duka?"

"Tas. Mutanen Alhaji Isiyaku ne suka kwashe sauran ɗazu. Kin san abin mamaki? Ko ƙosan ba su saya ba, takardun kawai suka ce in ba su."