Ranar da Aka Sallama Gwanki

"Ba za ka shiga masa da wannan fuskar ba, ya ammi," in ji Minnatullah, 'yar Baba Falalu. Ta tare ƙofar da jikinta, kofin magani a hannunta.

Abdulrauf ya tsaya a matakalar ƙarshe yana haki, ledar burodin tamis mai zafi na ƙona masa yatsu. "Me fuskata ta yi?"

"Ko makaho ya shafa ta ya san an yi wani abu. Na gani a wayarsa tun da asuba. Sun sayar da mutumin nan nasa, ko ba haka ba?"

"Ba sayarwa ba ce, musaya ce."

"Ko ma mece ce." Ta rage murya, ta waiga cikin gidan. A Makka aka haife ta, Hausarta kuma in ranta ya ɓaci sai ta riƙa tuntuɓe da Larabci. Ya ammi take ce masa, wato kawu. "Daktur ya ce kada a tayar masa da hankali, abadan. Na ɓoye wayar, na ce masa ta faɗa ruwa. In ya tambaye ka, ba ka san komai ba. Ka yi mini alkawari."

Abdulrauf ya sauya wa ledar hannu. Shekarunsa da Baba Falalu a wannan bene na unguwar Kudai da ke Makka sun fi goma, ƙofa na kallon ƙofa, bai taɓa yi masa ƙarya ba sai ta wasa. Ƙwallon kwando ce ta haɗa su. Baba Falalu ya taso a Sudan, inda iyayensa suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka, a can tsawonsa ya sa wani malamin makaranta ya damƙa masa ƙwallo. Daga baya ya ƙaraso Makka, ya yi ta sayar da carbi da turare a unguwar Tandabawi har gwiwoyinsa suka ƙi. Amma wasan bai bar shi ba. Wata ƙungiya ce ta Amurka yake bi, shi ya ja Abdulrauf cikinta, kuma da yake sunayen Turawa na yi masa nauyi a baki, duk 'yan wasan ya raɗa musu nasa. Akwai Ɗan Tsako, akwai Bawan Allah. Gwarzonsa kuwa shi ne Gwanki. In ya zura ƙwallo, har ƙasan bene ana jin muryar tsohon: "Gwanki sha bara!"

Yau ce ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, wadda ƙungiyoyi ke bin layi kowace ta ɗauki matashi guda, mai gurbin gaba ta kwashi na kirki. Darensu na can asubar Makka ce. Kafin a tayar da salla labari ya fito: ƙungiyarsu ta sallama Gwanki, ta karɓi matasa biyu da gurbi na huɗu, da wani gurbin na baɗi. A kantin ƙasan bene Nu'uman mai shago har tafi ya yi. "Mutum ya haura talatin, gwiwa ta fara ciwo, aka ba ka wannan duka? Wallahi ko ni ne na sallama." Abdulrauf ya tsaya jayayya da shi, sai da ya taka matakala sannan ya tuna wa zai je ya tarar a sama.

"Na yi alkawari," ya ce da Minnatullah. Ta matsa gefe.

Baba Falalu na kishingiɗe, an tokare masa baya da matasai uku, siririyar robar iska a hancinsa. Ƙafafunsa, da ko yaushe suke zarce ƙarshen gado, sun kumbura har fatar tana sheƙi. Idanunsa ne kawai ba su canza ba.

"Sai yanzu? Zauna, zauna. Wa muka ɗauka?"

"Ina kwana, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ga shi kana gani. Wa muka ɗauka?"

Abdulrauf ya ajiye burodin a kan tebur, ya ɓata lokaci wajen gyara bakin ledar. "Wallahi barci ne ya ɗauke ni. Ka san gobe za mu wuce Arfa da motar abinci, jiya har dare muna lodi."

"Kai ne ka yi barci ranar zaɓe?"

"Gajiya, Baba."

"To ciro wayarka mu gani. Tawa wai ta faɗa ruwa."

"Babu caji."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Daga kicin ana jin ƙarar cokali a kofi, amma Abdulrauf ya san kunnen Minnatullah na ɗakin. Gumi ya fara bin bayansa duk da na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Shirun ya yi masa yawa, ya ga gara ya cika shi da wani abu.

"Ana dai ta raɗe-raɗi tun shekaranjiya," ya ce. "Maganar mutane ce kawai. Wai da a ce wata ƙungiya za ta ba mu matasa biyu da gurbi na huɗu, har da na baɗi, mu ba ta Gwanki. Nu'uman ya ce shi da gudu zai karɓa."

"Nu'uman ɗan kanti ne, komai a wurinsa sikeli." Baba Falalu ya yunƙura ya gyara zama. "Matasa biyun su wa?"

Abdulrauf ya faɗa masa.

"Na farkon ba ya tsaron gida, in an wuce shi sai ya tsaya yana kallo kamar mai jiran bas. Na biyun kullum yana jinya. Kai kuma me ka ce?"

"Ni na ce gurbi na huɗu ba abin wasa ba ne, Baba. Bana akwai yara."

"Kowace shekara akwai yara! Ka manta wanda muka ɗauka da gurbi na uku, aka ce shi zai gaji duniya? Yanzu yana ina? Gurbi ƙwai ne, Abdulrauf, ba ka san abin da zai ƙyanƙyashe ba. Gwanki kuwa ka san shi. Saura daƙiƙa biyar, ana bin mu da ɗaya, wa za ka ba ƙwallo?"

"Gwanki. Amma gwiwarsa fa? In ta tafi baɗi, ko gurbi na ashirin ba mai ba mu."

"To ta tafi a gidanmu mana! Mutum ya ba ka ƙuruciyarsa, ka jira sai ya fara ɗingishi ka kai shi kasuwa?"

Muryarsa ta ɗaga, jini ya dawo masa fuska. Rabon da Abdulrauf ya gan shi haka tun kafin a kwantar da shi asibiti. Yana jin daɗi, yana kuma kallon yadda ƙirjin tsohon ke hawa da sauka da sauri. Ya yi niyyar ya sauya zance zuwa zafin da ake hasashe a Arfa, sai Baba Falalu ya koma ya jingina, ya lumshe ido kamar ya gaji, ya ce a hankali:

"Da na huɗun wa suka ɗauka?"

"Dogon yaron nan ɗan Senegal, mai..."

Abdulrauf ya datse bakinsa. Ƙarar cokalin kicin ta tsaya.

Baba Falalu ya buɗe ido. "Ashe an yi."

"Baba..."

"An yi, kuka zauna kuna yi mini wasan yara. Waya ta faɗa ruwa. Babu caji." Ya ja numfashi, bai ishe shi ba, ya sake ja. "Ban mutu ba tukuna. In na mutu ku ɓoye mini abin da kuka ga dama."

Hannunsa ya tafi ƙirji. Minnatullah ta shigo da gudu, ta ture Abdulrauf, ta tura wa mahaifinta ƙwaya ƙarƙashin harshe, ta ƙara iskar. "Baba, shwayya shwayya, ja a hankali. Dube ni." Leɓunansa sun yi duhu. Abdulrauf ya tsaya jikin bango yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, ba ya ma jin me yake cewa. Bai san tsawon lokacin da aka ɗauka ba kafin numfashin ya fara daidaita.

Abin da tsohon ya fara faɗa shi ne, "A ba ni wayata."

Minnatullah ba ta juyo ba. "Ka tafi, ya ammi."

"Bari in..."

"Ka yi mini alkawari. Ka tafi."

Ya fita, ko sallama bai yi ba.

Washegari ya tsaya a ƙofarsu da jakarsa a kafaɗa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Ya ce a ransa in ya dawo ya ba da haƙuri, lokacin ta huce. Daga Arfa ya kira ta sau biyu, ba ta ɗauka ba. Ya kira Nu'uman, mai shagon ya ce shi dai bai ji komai ba, ya ga ta sauko ta sayi madara. Abdulrauf ya yi ta jigilar abinci daga rumbun sanyi zuwa tantunan alhazai, rana kamar ta narka kwalta, kuma duk sanda waya ta motsa a aljihunsa sai ya zaro ta da sauri. Da ya rufe ido leɓunan nan masu duhu yake gani. Sau nawa ya maimaita hirar a ransa, yana neman inda ya kamata ya yi shiru.

Ranar tsayuwar Arfa, bayan azahar, yana tsakiyar sauke kwalaye, Nu'uman ya kira.

"Abdulrauf, sai haƙuri. Baba Falalu ya cika ɗazu da hantsi. Za a yi masa salla a Harami bayan la'asar."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a bakin motar. "Yaya aka yi? Wani abu ya... ya sake tashi ne?"

"Ban sani ba wallahi. Kuka kawai muka ji."

Babu hanyar fita. Duk titunan an mayar da su na alhazai, motarsa kuma cike da abincin mutanen da ke jira. Abokin aikinsa ya dafa shi ya ce mamacin ya yi sa'a, ranar Arfa, salla a Harami, wa ya ƙi. Abdulrauf ya gyaɗa kai, ya tashi ya ci gaba da sauke kwalaye. Da la'asar ta yi ya koma bayan motar, inda ba kowa, ya fuskanci alƙibla ya yi wa maƙwabcinsa addu'a, ga dubban mutane can sun ɗaga hannu suna tasu.

Sai da aka gama kwanakin Mina ya dawo Kudai. Ya yi wanka, ya sauya riga, ya zauna a gidansa yana jin motsin masu ta'aziyya a ƙofar da ke kallon tasa, har suka tsagaita. Sannan ya fita ya ƙwanƙwasa.

Minnatullah ta buɗe. Ta rame. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa. Daga inda yake tsaye yana hango gadon, an naɗe katifar.

"Minnatu," ya ce, "ki gaya mini gaskiya. Maganar nan ce ta jawo?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, ya ammi. Daktur ya ce zuciyar ta riga ta gaji tun tuni. Na yi fushi da kai, har yanzu ma ban gama hucewa ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Amma bayan ka tafi, da na ba shi wayar, ya zage shugabannin ƙungiyar nan tas, da Hausa da Larabci. Da ya gama ya ce yunwa yake ji. Ya ci burodin da ka kawo, rabi. Sati guda ke nan ina fama da shi ya sa wani abu a baki."

Abdulrauf ya dafa bango.

"Kwana biyun da suka biyo baya bai bar ni na huta ba. Nemo mini wasan yaron nan ɗan Senegal, mayar baya, tsayar nan. Ni da ban san komai a ciki ba." Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye. "Ya bar maka saƙo. Ya sa na maimaita don kada in ɓata. Ya ce in gaya maka yaron yana da ƙafa, ya iya tsayuwa, amma hannunsa na hagu matacce ne, sai an yi aiki a kansa. Ya ce kuma duk da haka an cuce mu, kada ka bari Nu'uman ya ci ka da baki."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya tambaya ko ka tafi da laima."

Abdulrauf ya ja da baya daga ƙofar. Ya yi mata sallama da hannu, ya sauka a hankali yana riƙe da ƙarfen matakala. Bai shiga kantin Nu'uman ba. Ya zagaya gefen benen, inda inuwa take, ya tsaya. A can sama na'urar sanyaya ɗakin Baba Falalu a kashe take. A ƙasa, daidai inda ruwanta ya saba ɗiga, siminti ya bushe ya bar farin zobe. Wata kyanwa ta zo ta sunsuna wurin, ta ɗaga kai ta dubi sama, sannan ta kwanta a gefensa.