Ƙullin da Marloes Ta Yi

Sjoerd ya ɗora hannu a kan sitiyarin jirgin ruwan tun kafin Hidde ya sake shi.

"Kyaftin, je ka huta. Shekara ashirin kana tuƙa mu, yau kai ma a tuƙa ka."

Hidde ya yi murmushi ya koma gefe, ya zauna ya haɗa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Marloes tana bakin matakala tana yanka burodi da cuku. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da yankawa har ya fi ƙarfin cin mutum shida.

Su shida ne, tsofaffin maƙwabta daga garin Leeuwarden. Duk bayan shekara biyu sukan yi hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska su yi mako biyu suna zagaya tsibiran Grenadines. Hidde ne ya koya musu komai, daga karanta iska har ɗaura igiya. Shekarunsa saba'in da uku. Bara matarsa ta rasu, tun daga nan ya fara 'yan mantuwa: yau tabarau, gobe hula, wata rana ya kira Annelot, matar Sjoerd, da sunan marigayiyar.

Shekaranjiya ne abin ya faru, suna tsaye a gaɓar tsibirin Mayreau. Da suka dawo daga cin abincin rana, Hidde ya ɗaure ƙaramin kwale-kwalen robar da suke fita gaɓa da shi a bayan jirgin, kowa yana kallo. Zafi ya kwantar da kowa. Marloes kuwa barci ya ƙi zuwa. Wata bakwai ke nan da ta yi wa duniya shelar ta bar taba, har da liyafa aka yi mata. Sai ta lallaɓa ta kwance kwale-kwalen, ta je wani shago a bakin ruwa ta sayi kwali ɗaya, ta sha kara biyu a bayan bishiyar kwakwa kamar 'yar makaranta. Ta dawo a gaggauce, ta naɗa igiyar yadda ta samu, ta shige ɗakinta.

Da la'asar babu kwale-kwale. Sai washegari wani masunci ya jawo shi daga can nesa da tsibirin.

Babu wanda ya yi wa Hidde faɗa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya daɗe tsaye yana kallon ƙarfen da ake ɗaura igiyar. A lokacin Marloes ta buɗe baki, sai ta tuna da tabar, ta ce a ranta bari hankali ya kwanta tukuna. Da hankali ya kwanta, sai ta ga ai maganar ta wuce.

Ashe ba ta wuce ba. Jiya, Hidde yana wanka, Sjoerd ya tara su a gaban jirgin ya yi ƙasa da murya. Ya ce yau kwale-kwale ne, gobe rai ne. Aka yarda kada a sake barin tsohon ya riƙe sitiyari. Annelot ta ce ta riga ta tura wa Renske, 'yar Hidde, saƙo, ita kuwa dama ta daɗe tana so a sayar da ɗan jirginsa na gida, a karɓe makullin mota, a nema masa ɗaki a gidan tsofaffi. Kowa ya ce a kan haka yake. Da aka zo kanta, Marloes ta gyaɗa kai.

Sun isa tsibirin Bequia da azahar, zangonsu na ƙarshe kafin su mayar da jirgin. Suka zauna a wata rumfa a bakin yashi, aka kawo gasasshen kifi da soyayyar ayaba. Sjoerd yana ba da labarin yadda ya ratsa taguwar ruwa ɗazu, kowane zagaye taguwar tana ƙara tsawo. Hidde yana cire ƙayar kifi a hankali yana jera ta a gefen faranti.

Marloes ta ajiye cokali. Ta faɗi komai, tun daga barcin da ya ƙi zuwa har naɗin igiyar. Ta ciro kwalin tabar daga jaka ta ɗora a kan tebur.

Sai Sjoerd ya ɗauki kwalin ya juya shi.

"Munafuka, ashe kina sha. A dawo mana da kek ɗin liyafarmu."

Aka yi dariya, ban da ita. Ta ce ba wasa take yi ba, ita ce ta ɗaure kwale-kwalen daga ƙarshe, kuma a kira Renske yanzu a gaya mata.

Hidde ya goge hannunsa. Ya dube ta da irin kallon da yake mata lokacin da take koyon tuƙi.

"Marloes, na gode. Amma bar shi. Na tuna sarai. Na zagaya igiyar sau ɗaya, sai Sjoerd ya yi min magana, na juya, ban ƙarasa ba. Kwana biyu ina ganin abin a idona."

"Ba haka aka yi ba, Kyaftin. Da hannuna na kwance ƙullinka. Sai da na sha wahala kafin ya kwance."

Ya girgiza kai. Ya ce da safe sun yi waya da Renske, ya faɗa mata ta nemi mai sayen jirginsa na gida. Gara ya sauka da ƙafarsa kafin a sauke shi.

A hanyar komawa Annelot ta riƙo hannunta ta matse, ta raɗa mata cewa ba ta taɓa ganin kirki irin wannan ba, mutum ya ɗauki laifin wani har da shaida. Marloes ta rantse mata cewa gaskiya ta faɗa. Annelot ta ce ta sani, ta sani, ta ƙara matse hannun.

Washegari da hantsi suka doshi Saint Vincent, inda za su mayar da jirgin. Da tashar jiragen ta bayyana, Sjoerd ya rarraba aiki, ya ba Hidde rataya robobin da ke kare gefen jirgi daga bugun katako. Tsohon ya durƙusa ya ɗaura na farko. Yatsunsa suka yi aikin cikin ƙiftawar ido, shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Sannan ya tsaya, ya waiwayo yana neman Marloes.

"Zo ki duba min wannan."

Ta durƙusa kusa da shi. Ƙullin ya zauna daram, irin wanda ita har yau ba ta iya ba. Ta ce masa ya yi daidai.

"Kada ki duba da ido. Ja ki gani."

Ta ja da duk ƙarfinta, bai motsa ba. Ya gyaɗa kai, ya matsa ya ɗaura na biyu, sannan ya ja baya yana jira ta zo.